Shekarar da Aka Kawo Akawal Gidanmu

Maigidana mahayin dokin sukuwa ne tun kafin a kawo ni gidansa a Dangora. Da damina manomi ne kamar kowa, masara da dawa da ɗan wake a gonar gado. Amma da zarar an kwashe amfanin gona, sai wani Alhaji mai harkar hatsi a Tudun Wada ya aiko masa, ya tattara ya tafi bargarsa. Dawakin Alhajin yake hawa, a Kiru, a Bebeji, wani lokaci har cikin Kano. A cikinsu akwai wani akawal, baƙi wuluk mai ɗan fari a goshi, wanda ba ya yarda kowa ya hau shi sai maigidana. Na san labarin dokin nan shekaru kafin in gan shi da idona, don da wuya a ci tuwo a gidanmu ba a ambace shi ba.

Wanda ba ya cikin harkar ba zai gane ba, amma mahayi ba ya ƙaunar ƙiba. Duk abin da ya ƙaru a jikinsa doki ne zai ɗauka. Sauran mata suna alfahari in mazansu sun yi kumatu, ni kuwa kaka na gabatowa nawa zai fara ture kwano da sauran tuwo a ciki, ya koma shan ruwan tsamiya. Inna, mahaifiyarsa, wadda muke zaune tare, kullum faɗanta ɗaya ne, wai duk wanda ya gan shi zai ce matarsa ba ta iya girki ba. Shi kuwa dariya yake yi, ya ce in sukuwa ta wuce zai rama.

To, akwai shekarar da ya rame ba tare da ya rage komai ba. Abokan hawansa suka yi ta tambayarsa wane sirri ya samo. Alhaji da kansa ya dafa kafaɗarsa a gaban mutane ya ce bana ya yi daidai, kamar a hura shi ya tashi sama. Maigidana ya dawo gida yana ba ni labarin yana murna. Tarin da yake yi kuwa kowa ya ce ƙurar barga ce da ta harawa, duk mai zama da dawaki yana yi. In ya tashi sallar asuba rigarsa jiƙe take sharkaf, ya ce zafin ɗaki ne. A gidan da ba na mahayi ba, da tuni an kai mutum asibiti. A wajenmu kuwa barka ake yi masa.

Filin sukuwa na Bebeji ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar na birni. Gonakin shinkafa ne da aka girbe, kuma akwai lambatun ban-ruwa da ya ratsa ta tsakiyar hanya, dole doki ya tsallake shi yana cikin gudu. Wannan tsallen ne ma yake tara jama'a. Mahayi ne yake sanar da doki inda zai tashi, da linzami da gwiwa. A sukuwar wannan shekarar maigidana yana kan akawal, daidai bakin lambatun tari ya sarƙe shi, hannunsa ya saki, dokin ya tashi a makare ya dira a kan gaɓar da ƙafar gaba ta dama. Suka zube tare. Da aka ɗago shi yana tofar da jini, kowa ya ɗauka faɗuwar ce. Sai a asibiti, bayan an gwada majinarsa an ɗauki hoton ƙirji, aka ce tarin fuka ne, kuma ya daɗe yana cin sa.

Alhaji bai zo dubiya ba. Ban riƙe shi a zuciya ba, don mutane da yawa ba su zo ba, ana tsoron ciwon. Abin da ya aiko shi ne buhun masara, da kuma, bayan 'yan kwanaki, dokin kansa a bayan a-kori-kura, yana tsaye da ƙafa uku. Jijiyar ƙafar ce ta samu matsala, ta kumbura suntum. Ɗan aiken ya tsaya daga ƙofar zaure ya ce Alhaji ya ce a gaishe da mai jiki, ga akawal nan ya ba shi kyauta, halak malak.

Inna ta yi godiya yadda ya kamata, ta sa albarka, motar ta tafi. Sannan ta zauna a bakin ɗakinta ta yi tagumi. Ta ce mini kyautar babban mutum ba a mayar da ita, ba a kuma kai ta kasuwa yana raye yana ji. Alhaji ya rage wa bargarsa baki ɗaya ne, ya kuma sallami mahayinsa ba tare da ya furta ba. Mu kuma majinyata biyu ke nan.

Ba mu da barga. A tsakar gida aka kafa turke, ƙarƙashin darbejiya, daura da ɗakin da muka ware wa maigidana. A asibiti sun ce a riƙa barin ƙofa da taga a buɗe, a ware masa kofi da kwano. Don haka daga kan tabarmarsa yana kallon dokin, dokin yana kallonsa. Da farko ko zama ba ya iya yi sai an jingina shi da bango. Mazan unguwa kuwa daga waje suke gaisuwa su wuce. Babu wanda zai kula da dabbar nan sai ni, ni da ban taɓa kusantar abin da ya fi tunkiya girma ba. A garinmu mace ba ta taɓa doki.

Ranar farko na ɗauki daron dusa na tsaya nesa, na tura shi da muciya. Na ji wata 'yar murya daga ɗaki, ashe dariya maigidana yake ƙoƙarin yi.

"Ki daina bi ta bayansa. Zo ta gefen wuya, ki yi masa magana."

"In ce masa me?"

"Abin da kike ce mini in kin kawo magani."

"Ai faɗa nake yi maka."

"To shi ma yi masa. Ya fi ni jin magana."

Haka na fara. Wani dattijon Bafulatani daga rugar da ke bayan gari ya zo ya duba ƙafar, ya ce sai an yi mata lalas, wato a ɗora jan ƙarfe a kan jijiyar. Ranar da aka yi, na shige madafa na toshe kunne, amma ƙaurin ya iske ni har can. Da na fito na tarar da maigidana ya juya fuskarsa bango, kafaɗunsa suna rawa. Daga baya ya ce mini shi ya karya dokin nan, dabbar ta yi nata daidai, shi ne ya sake ta a inda ta dogara da shi. Na ce ƙaddara ce. Ya ce ya sani.

Kwanakina suka koma iri ɗaya. Bayan sallar asuba in ba shi ƙwayoyinsa kafin ya ci komai, in tsaya sai na ga ya haɗiye. In ɗora ruwa a tukunya ɗaya, rabi na wankansa, rabi in jefa kanwa in gasa ƙafar doki. In shafa man shanu a tabon wutar, in kwaɓa yumɓu mai sanyi in lulluɓe wurin. In kwashe kashi, in zuba harawa. Harawar gonarmu ta ƙare tun rani bai raba ba, muka koma roƙon ta maƙwabta. Hannuwana suka yi kaushi, zanina kullum warin barga. Amma akwai safiyar da ina durƙushe ina gashi, dokin ya sunkuyo ya ɗora leɓensa a kan kafaɗata ya bar shi a nan. Ban motsa ba har ruwan ya huce.

A asibitin Kiru muke karɓar magani. Duk zuwa, kafin komai, sai ma'aikaciyar da ke kula da masu tari ta sa shi ya cire takalmi ya hau sikeli. Mace ce mai yawan barkwanci, tana kiransa sarkin dawaki. Ta ja ni gefe tun a zuwan farko ta ce magani nasu ne, amma rabin aikin a tukunyata yake. Ƙwai, wake, nono, kifi in an samu, duk abin da zai shiga a tura. Ta ce in sikelin nan yana hawa, to muna cin nasara, in ya tsaya kuwa akwai magana.

Ban taɓa yin girki da zuciya ɗaya kamar na watannin nan ba. Kajina duk ƙwan da suka saka nasa ne. Matan ruga suka san ƙofata. In dama fura da kauri, in yi alala, in yi faten wake da alayyahu, in zauna a gabansa kamar mai ba yaro. Sannu a hankali ramin da ke ƙasan wuyansa ya cike. Agogonsa da yake zamewa har tsakiyar hannu ya tsaya a wurinsa. Duk ranar da ma'aikaciyar ta duba sikeli ta ce Masha Allah, sai in dawo gida in yi nafila raka'a biyu. Inna ta ce tun da ta yaye shi ba ta ga kumatu a fuskarsa ba sai yanzu.

Ranar da aka ce ya gama magani, gwaji ya nuna babu ciwon, ma'aikaciyar ba ta yi wasan da ta saba ba. Ta dube shi ta ce huhunsa ya warke amma da tabo, ba irin na da ba ne. Kada ya yarda ya sake ramewa, yunwa ce take buɗe wa ciwon nan ƙofa ya dawo, kuma in ya dawo ba ya zuwa da sauƙi. Ya ce in sha Allahu. Ina tsaye a wurin, da kunnena na ji.

Shi ma dokin ya samu sauƙi. Da farko yana ɗan dafa ƙafar a ƙasa ya ɗauke, daga baya ya tsaya a kanta. Maigidana ya fara jan sa zuwa rafi da hantsi, su biyun suna tafiya a hankali kamar tsofaffi, ya tsayar da shi a cikin ruwa ya zauna a kan dutse yana hutawa. Damina ta shigo ta samu ɗingishin ya tafi. Wata safiya ya hau shi ba sirdi, suka zaga bayan gida suka dawo. Mutanen da suka daina shigo mana suka fito ƙofar gidajensu suna kallo. Ba zan ɓoye ba, na yi guɗa a ranar, ni da ban iya ba.

Da kaka ta matso ya fara sa shi gudu. Rannan suka dawo, ya sauka ya durƙusa ya shafa ƙafar, ya daɗe hannunsa na kai. Ya kira ni ya ce in taɓa. Da ɗumi kaɗan.

"Na yi masa nauyi," in ji shi.

Ban gane inda maganar ta dosa ba sai da na kawo abincin rana, ya ci loma kaɗan ya ture kwanon.

Na yi magana, na yi kuka, na tuna masa abin da aka faɗa a asibiti. Na ce in dai dole sai dokin ya yi sukuwa, a nemo wani mahayin mara nauyi. Ya ce na fi kowa sanin akawal ba zai ɗauki wani ba. Na ce to a bar shi ya ci harawarsa ya tsufa, wa ya aike mu? Sai ya ce, ba da faɗa ba:

"In bai sake tsallake lambatun nan ba, har ya mutu gurgun doki za a kira shi. Ni kuma mai tari. Wata biyu kawai nake nema a wajenki. In an gama, ki dafa duk abin da kika ga dama, zan cinye har ƙanzo."

Inna ta kira shi ɗakinta. Ya durƙusa a gabanta kansa a ƙasa, duk abin da ta ce ya ce to. Daga ranar ya daina ture kwano a gabanmu. Sai ya ce a kai masa zaure, zai ci da abokai. Kwano yana dawowa wayam, hankalina ya ɗan kwanta, har ranar da matar maƙwabcinmu ta leƙo ta katanga tana yi mini godiya, wai miyar kukar jiya ta yi daɗi, maigidanta har santi ya yi.

Da na tare shi da wannan, sai ya koma azumi. Litinin da Alhamis da farko, ya ce na godiya ne ga Allah da ya tashe shi. Sannan ya ƙara da na tsakiyar wata, sannan ya zama yau ya yi gobe ya huta. In an sha ruwa dabino da kofin kunu, shi ke nan. A nan ne ya ɗaure ni. Ta yaya zan buɗe baki in hana mutum azumin godiya? Kuma ban isa in ce ba don Allah yake yi ba, ban ga zuciyarsa ba, wataƙila shi ma bai iya raba biyun ba. Na tambayi malamarmu ta Islamiyya, ta ce jiki ma yana da haƙƙi a kan mai shi, kuma ba a neman lada da abin da zai cutar. Na kawo masa wannan, ya ce malama ta yi gaskiya, ya kuma tashi da azumi washegari. Da rana tsaka kuma ya sa rigar sanyi ya bi hanyar gona da sassarfa don ya yi gumi.

Ina kallo duk abin da na gina da ƙwai da nono yana zubewa. Ramin wuyan ya dawo. Ya ƙara huda a madaurin agogo. Ƙafar doki kuwa ta daina ɗumi. Abokan hawansa suka dawo zaure, ina jin su ta bayan ƙofa suna cewa ya koma yadda suka san shi.

Ina da goggo a Bebeji, gidanta na ƙarshen gari, bayan dangarta filin yake. Na ce ba zan je ba, amma ranar sukuwar da safe na samu kaina a bayan babur da hijabina. Na taka bulo na leƙa ta saman danga tare da 'yan matan gidan. Jama'a ba a magana, masu rake, masu ƙosai, masu kalangu. Dawaki suka jeru can nesa. Na gane namu da baƙinsa, na gane mahayin da ƙanƙantarsa, kamar an ɗora riga a kan sirdi.

Aka sake su. Ban iya bin yadda aka yi ba, ƙasa dai tana rawa har ƙarƙashin bulon da nake kai, bakina yana ta salati. Da suka doso lambatu akawal yana na uku. Na ga maigidana ya kwanta a wuyansa, na ga dokin ya tattara jikinsa ya tashi, ya wuce gaɓar da tazara, ya dira a kan ƙafar da na yi wata da watanni ina gasawa, bai ko gurɗe ba. Daga nan ya miƙe. Ya wuce na biyu, ya kamo na farko dab da tuta, ya sha gabansa da wuya.

Filin ya kaure. Goggo ta rungume ni, 'yan mata suna tsalle. Mutane suka yi caa a kansu, har da Alhaji cikin babbar riga yana ɗaga hannu kamar dokin nasa ne har yanzu. Maigidana bai sauka ba. Ya kifa fuskarsa a gashin wuyan dokin ya daɗe a haka, jama'a suna ta kabbara, sun ɗauka rungumarsa yake yi yana kuka. Ni na san yadda bayansa yake motsi in yana tari.

Ya cika alkawari, ya dawo cin abinci. Na dafa duk abin da na iya. Amma jikin ya ƙi karɓa. Kafin zafin bazara ya sauka zufar asuba ta dawo, sannan zazzaɓin yamma. Muka koma Kiru. Ya cire takalmi ya hau sikeli, ma'aikaciyar ta duba, ta sake dubawa, ta dube ni. Ba ta yi mana faɗa ba, da ma ta yi. Aka tura mu Kano, aka ce wannan karon ciwon ba ya jin maganin farko, sai wani mai ƙarfi da tsawon lokaci, kuma ɗayan huhun ya riga ya lalace. Maganin ya sa shi amai, ya rage masa ji. Muka yi ta zirga-zirga a motar haya har ya zama ba ya iya zaman motar.

Wata rana da la'asar, masara ta fara fitar da goyo, na kawo masa kunun gyaɗa mai ruwa-ruwa. Ya karɓi ludayin da kansa, ya kai baki, ya yi ƙoƙari har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya dawo da shi.

"Wallahi yanzu ina so," ya ce. "Ya ƙi wucewa ne."

Na ce ya bari ya huce tukuna. Ya ce in yafe masa. Na ce babu komai tsakaninmu sai alheri, na fita da kwanon na tsaya a bayan ɗaki har fuskata ta bushe. Bai kai girbi ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Ina cikin takaba aka raba gado. Yayansa ya je ya nemi iznin Alhaji, aka sayar da dokin ga wani mutumin Doguwa, don babu mai iya ci da shi. Ban fita ba ranar da aka zo ɗaukarsa.

Wani ya ɗauki sukuwar nan a waya, ta kuma yawata. Har yau in na je biki ko suna a Kiru ko Bebeji, sai wata ta nuna ni ta ce ga matar mutumin nan da ya tashi daga tarin fuka, shi da gurgun dokinsa, suka cinye fili. Sai su matso su miƙo mini wayar, suna cewa ikon Allah, in duba daidai wajen tsallen. Ina karɓa in riƙe har ya ƙare, in ce ikon Allah, in mayar musu. Ba su da laifi, abin da ke cikin wayar haka ya faru.

Inna ba ta ƙara shekara ba a bayansa. Ni na dawo gidan mahaifina da 'yar da maigidana ya bar mini, ina ɗan saƙa huluna. Wani mai kawo dankali daga Doguwa ya gaya wa ƙanena cewa akawal yana nan yana gudu, ya ma yarda da sabon mahayi, ƙafar ba ta sake tashi ba. Ƙanena ya kawo mini labarin da saurinsa, yana zaton zan ji daɗi. Na ce masa madalla, na ci gaba da tsince shinkafar da ke gabana.